Kwamfutar tebur tana ɗauke intanet tana dawowa: tambayoyi da amsoshi

Kwamfutar da ta ƙi hawa intanet gaba ɗaya ba ta da wuyar sha'ani, cikin awa guda za a gano abin da ke damunta. Wadda take ba da wahala ita ce mai yin aiki lafiya ƙalau na minti arba'in, ta yanke na daƙiƙa goma, sannan ta dawo kamar babu abin da ya faru. Irinta ce ke sa mutane asarar kuɗi: a sayi sabuwar rauta, wato na'urar da ke rarraba intanet, a canza layin data, a ƙarshe a goge Windows baki ɗaya, matsala kuma tana nan daram. An bar jaki ana dukan taiki. Tambayoyin nan su ne waɗanda masu shagon buga takardu, ma'aikatan ofis da masu kula da ɗakin kwamfuta na makarantu suka fi yi. Sunayen da ke kan allo na bar su yadda Windows ke rubuta su, don ka gane su idan ka gani.

Malam, ta yaya zan san laifin kwamfutata ne ko na masu sabis?

Kada ka taɓa komai sai ka amsa wannan. Tsakanin kwamfutarka da intanet akwai gaɓoɓi huɗu: katin netwok da ke cikinta, kebul ko iskar Wi-Fi, rauta, sai layin kamfanin da ke ba ka sabis. Ko wacce ce ta yanke a cikinsu, abu ɗaya za ka gani a allo, wato shafi ya ƙi buɗewa.

Danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta cmd, baƙin allo zai fito. Rubuta ipconfig ka nemi layin Default Gateway. Lambar da ke gabansa ita ce adireshin rautarka, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, a kan rautocin Huawei masu cin layin waya kuwa 192.168.8.1. Sai ka rubuta ping -t ka bi shi da wannan lambar, umarni ne da ke ta aika ɗan saƙo zuwa adireshin yana nuna ko an amsa. Buɗe baƙin allo na biyu, a can ka rubuta ping -t 8.8.8.8, wanda adireshin Google ne. Jera su gefe da gefe ka ci gaba da aikinka.

Lokacin da abin ya sake yankewa, duba su. Idan na rauta yana ta jero Reply from babu tsayawa, amma na Google ya koma Request timed out, to katinka da kebul ɗinka ba su da laifi, matsalar daga rauta ne zuwa waje. Idan duka biyun suka tsaya tare, abin yana cikin ɗakinka. Idan kuma duka biyun suna amsawa amma shafi ya ƙi buɗewa, to fassara sunan shafi zuwa lamba ce ta sami tangarɗa, wato DNS, sai ka gwada saka 8.8.8.8 ko 1.1.1.1 a saitin katin. A kan kebul mai lafiya, rauta tana amsawa cikin milisakan ɗaya ko ƙasa da haka. Ctrl da C ke tsayar da gwajin.

Ka kuma riƙe wayarka a kan Wi-Fi na wannan rautar. Idan ita ma ta ɗauke a daidai lokacin, ka ƙyale kwamfutar.

Abin yana faruwa ina wani wuri. Akwai inda kwamfutar ke ajiye labarinsa?

Akwai. Mafi sauƙi, rubuta ncpa.cpl a wannan akwati na Windows da R, ka danna katin Ethernet sau biyu. Za ka ga Duration, wato tsawon lokacin da haɗin ya yi bai katse ba. Idan tun safe ka kunna kwamfuta amma yana nuna minti goma sha biyu, haɗin ya faɗi ya tashi minti goma sha biyu da suka wuce.

Cikakken bayani yana cikin Event Viewer, ƙarƙashin Windows Logs, sashen System. Katunan Intel da yawa suna rubuta lamba 27 idan haɗi ya katse, su rubuta 32 idan ya dawo a gudun gigabit. Lamba 10400 daga NDIS tana nufin Windows ya ga katin ya daina amsawa har sai da aka sake tayar da shi, wannan kuwa yatsa ne da ke nuna direba, wato manhajar da ke sarrafa katin, ko katin kansa. Lamba 4199 daga Tcpip tana nufin wata na'ura tana riƙe da adireshi iri ɗaya da naka. Rubuta lokutan a takarda. Sau da yawa lokacin ne ke tona asirin matsalar: kullum da la'asar idan ɗaki ya yi zafi, ko duk sa'ad da aka juya zuwa janareto, ko bayan kwamfuta ta farka daga barci.

Kebul ɗina sabo ne, kuma ai yana aiki. Me zai sa in zarge shi?

Saboda a ganina shi ne ya fi kowa laifi, kuma shi ne ake duba wa a ƙarshe.

A cikin kebul na netwok akwai ƙananan wayoyi 8, an murɗe su bibbiyu. Ya isa ɗaya daga cikinsu ta zama ba ta zauna sosai a cikin kan roba ba, sai haɗi ya riƙa katsewa duk lokacin da ƙafar wani ta taɓa kebul ko tebur ya girgiza. Ga gwajin da ba ya cin ko sisi: bar ping yana tafiya, ka zagaya bayan kwamfuta, ka kama kebul daf da inda ya shiga rami, ka ɗan motsa shi sama da ƙasa a hankali kana kallon ƙananan fitilu biyu da ke bakin ramin. Ɗaya takan tsaya a kunne, ɗayar tana ƙyaftawa idan bayanai na wucewa. Idan suka mutu tare suka sake kamawa yayin da kake motsawa, ka kama ɓarawon. Yi haka a ɓangaren rauta ma. Duba ɗan harshen robar da ke riƙe kan kebul a cikin rami. Idan ya karye, kebul zai riƙa zamewa kaɗan-kaɗan ba tare da ya fita ba, ido ba zai gani ba.

Sai batun ingancin kebul ɗin kansa. Kasuwa ta cika da wanda cikinsa alminiyom ne aka yi masa rufin jan ƙarfe, a jikin kwalinsa wani lokaci ana rubuta CCA. Ya fi arha, amma yana karyewa a ciki idan aka lanƙwasa shi, kuma ba ya jure dogon zango. Fere waya ɗaya ka kankare ta da reza: idan fari ya bayyana a ƙarƙashin jan, alminiyom ne. Na jan ƙarfe zalla ja ne har cikinsa. Ko mai kyau ne, Cat5e ko Cat6, ƙa'idarsa kada ya wuce mita 100.

Akwai wani kuskure da masu haɗa kan kebul ke yawan yi, yana kuma ɓata mini rai domin mai kayan ba shi da yadda zai gane. Suna jera launuka yadda suka ga dama, da tunanin cewa in dai kan farko da na biyu sun yi daidai da juna shi ke nan. Ɗan abin gwajin kebul mai fitilu takwas zai nuna komai lafiya. Amma murɗewar da aka yi wa wayoyin ita ce ke kare su daga hayaniyar lantarki, dole ne waya ta 3 da ta 6 su zama 'yan murɗi ɗaya. Idan aka raba su, gajeren kebul zai iya lallaɓawa, dogo kuwa zai riƙa yankewa. Jerin da aka fi bi, mai suna T568B, shi ne: fari da ruwan lemo, ruwan lemo, fari da kore, shuɗi, fari da shuɗi, kore, fari da ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Ɗaga kan kebul ɗinka zuwa haske ka karanta, robar tana nuna ciki.

Kebul da ya bi ta silin kuma, kada ka manta da ɓera. Wanda ƙofa ke matsewa, ko wanda aka ɗaure a jikin wayar wuta mai ɗaukar nauyi, shi ma abin zargi ne. Hanya mafi gajarta ita ce ka ɗauko kwamfutar kusa da rauta, ka haɗa su da gajeren kebul na kamfani, a wani rami daban, ka bar su yini guda.

Gudun yana nuna 100 maimakon 1000. Yana da alaƙa da yankewar?

Sosai. Gudun megabit 100 wayoyi huɗu kawai yake buƙata, gigabit kuwa sai duka takwas. Idan katinka da rautarka duk masu gigabit ne amma Speed, a akwatin nan da ke nuna Duration, na nuna 100, ko yana sauyawa tsakanin biyun, to akwai wayar da ke taɓawa tana sakewa. Duk sauyin nan sai haɗi ya faɗi na 'yan daƙiƙu kafin su sake daidaitawa. Ka dai tabbatar rautar tana da gigabit ɗin, domin ƙananan rautoci da yawa iyakarsu 100.

Na canza kebul, har yanzu yana yi. Sai me?

Sai tsimin wuta. Windows da katin netwok duk suna da dabarun rage cin lantarki idan babu zirga-zirga, wani lokaci kuma katin ya yi gyangyaɗi ya kasa farkawa da wuri. A kwamfutar hannu mai batir wannan yana da amfani. A ta tebur ɗan abin da ake tsimewa bai kai ciwon kan ba.

Buɗe Device Manager, ka faɗaɗa Network adapters, ka danna katinka sau biyu. A shafin Power Management cire alamar da ke kan Allow the computer to turn off this device to save power. A shafin Advanced nemi Energy Efficient Ethernet ka kashe shi. Katunan Realtek suna da ƙari, Green Ethernet da Power Saving Mode, su ma ka kashe. A cikin Power Options kuma, ƙarƙashin PCI Express, mayar da Link State Power Management zuwa Off.

Wannan tsari na Energy Efficient Ethernet tun 2010 aka amince da shi, da sunan 802.3az, amma har yau ba kowane kati ke jituwa da kowace rauta a kansa ba. Misalin da aka fi sani shi ne katin Intel I226-V mai gudun gigabit 2.5: a farkon 2023 masu sababbin kwamfutoci suka yi ta ƙorafin yankewa na 'yan daƙiƙu, kamfanin kuma ya ba da shawarar a kashe wannan saitin. Idan katinka mai 2.5 ne kuma rautarka gigabit ce, za ka iya zuwa Speed & Duplex ka zaɓi 1.0 Gbps Full Duplex. Amma tilasta shi a kan 100 gwaji ne kawai, in ka gama ka mayar da shi Auto Negotiation, don kada ɓangarorin biyu su saɓa.

Abu ɗaya za ka riƙa canzawa a lokaci guda, ka jira ka gani. Wanda ya canza biyar tare, ko ya warke bai san maganin ba, ranar da ya dawo sai ya fara daga farko.

A ina zan samo direban da ya dace?

Daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar, kamar HP, Dell ko Lenovo, da lambar samfurinta, ko daga shafin Intel ko Realtek kai tsaye. Idan ba ka san ko katin na wa ne ba, shiga Details ka zaɓi Hardware Ids: VEN_8086 na Intel ne, VEN_10EC na Realtek. Manhajojin nan masu alƙawarin sabunta dukkan direbobi da dannawa ɗaya, ni dai ba na barin su a kwamfutar da nake kula da ita, sukan ɗora wanda bai dace ba.

Sabon direba ba kullum ya fi tsoho ba. Idan matsalar ta fara ne bayan Windows ya sabunta kansa, maɓallin Roll Back Driver zai mayar da kai na baya. Sauke direban ka ajiye kafin ka cire wanda ke kai, in kuma ka makale, haɗa wayarka da kebul na USB ka kunna USB tethering. Bayan haka ka zaɓi Restart, ba Shut down ba. Da Fast Startup, saitin Windows na saurin tashi, a kunne, kashewa ba ta rufe direbobi gaba ɗaya, tana adana halin da suke ciki ne ta dawo da shi.

Yana yawan faruwa idan an ɗauke wuta ko an tayar da janareto, alhali kwamfutar tana kan UPS.

Kwamfutar tana kan UPS, rautar fa? Suwic ɗin netwok da ke manne a bango, wato akwatin da ke rarraba kebul zuwa kwamfutoci, fa? A ofisoshi da yawa an kare kwamfuta an bar su a kan soket na kai tsaye. Ƙyaftawar wuta ta rabin daƙiƙa, wadda fanka ma ba za ta nuna ba, ta isa ta sa rauta ta mutu ta sake tashi, tashin kuwa yana cin minti ɗaya ko biyu. Mai kallon allo sai ya ɗauka katinsa ne. Mayar da su kan UPS ko inbata ɗaya da kwamfutar, ko ka sayi ƙaramin batir na rauta da ake sayarwa don wannan.

Cajar rautar ma tana tsufa, musamman inda wuta ke hawa da sauka. Alamarta ita ce rauta ta riƙa sake tashi da kanta idan mutane suka yi yawa a kanta. Idan za ka canza, bolt ɗin ya zama daidai da wanda aka rubuta a ƙasan rautar, galibi 12, amfiya kuwa daidai ko sama da haka.

Ni ba kebul nake amfani da shi ba, ɗan Wi-Fi na USB ne.

To inda ka soka shi ne abin dubawa na farko. Akwatin kwamfutar tebur ƙarfe ne. Idan ɗan adaftan yana baya, a ƙarƙashin tebur, a jikin bangon bulo, ka binne shi. Sayi kebul na ƙarin tsawo na USB ka ɗago shi saman tebur inda zai fuskanci rauta. Wannan yana kuma nisanta shi da ramukan USB 3.0, masu shuɗin ciki, waɗanda ke fitar da hayaniya a kan zangon 2.4 GHz, kamar yadda Intel ya bayyana tun 2012. Idan katin na ciki ne, tabbatar an ɗaura eriyoyinsa a baya, kwamfutocin gwanjo da yawa suna isowa babu su.

Rubuta netsh wlan show interfaces ka ga ƙarfin sigina. Umarnin netsh wlan show wlanreport kuwa, idan ka buɗe baƙin allon a matsayin Administrator, zai haɗa maka rahoton kwana uku da suka wuce, da lokacin kowace yankewa da dalilinta. Kashe USB selective suspend a Power Options. A plaza mai shaguna da yawa, kowa da rautarsa, zangon 2.4 ya cunkushe: koma 5 GHz idan kana kusa da rauta, ko ka kafe ta a tasha 1, 6 ko 11. Ƙaramar MiFi kuma tana da nata saitin barci da iyakar yawan na'urorin da take ɗauka.

Amma kwamfutar da ba ta motsi daga inda take, wadda kuma da ita ake cin abinci, ka ja mata kebul in har zai yiwu.

Adireshina ya koma 169.254, wani lokaci kuma duk ɗakin ne ke ɗaukewa tare.

Adireshin da ya fara da 169.254 kwamfuta ce ta ba kanta, saboda ta nemi rauta ta ba ta ba a amsa ba. Gwada ipconfig /release sannan ipconfig /renew. Idan yana maimaituwa a ɗaki mai kwamfutoci da yawa, bincika ko wani ya ƙara rauta ta biyu don faɗaɗa Wi-Fi ya bar DHCP ɗinta, wato tsarin rabon adireshi, a kunne. Biyu ke nan suna rabon adireshi, kowace kwamfuta ta karɓa daga wadda ta riga amsawa. Firinta ko na'urar kyamarori da aka ba adireshi na dindindin a cikin jerin da rauta ke rabawa, ita ma tana jawo karo.

Idan kuwa ɗakin duka ya tsaya, fitilun suwic suna ƙyaftawa tare da sauri kamar sun haukace, nemi kebul da aka soka kansa biyu a suwic ɗaya. Yana faruwa a ɗakunan jarrabawa idan mai shara ko ɗalibi ya ga kebul a ƙasa ya mayar da shi ramin da ya samu.

An ce in rubuta netsh winsock reset. Zai yi magani?

Idan wata manhaja ce ta dagula saitin, kamar VPN ko riga-kafin bairos da aka cire bai fita duka ba, zai iya. Ba ya gyara kebul, ba ya gyara kati. Umarnin netsh int ip reset kuwa, da Network reset na cikin Settings, suna iya share adireshin da aka saka da hannu, na ƙarshen ma har da kalmomin sirrin Wi-Fi. Ɗauki hoton saitinka da waya kafin ka yi.

Mai gyara ya ce sai an yi fomat. In yarda?

Kada ka yarda tukuna. Akwai gwajin da zai raba gardama ba tare da an taɓa fayil ko ɗaya ba: a ɗora Ubuntu, wani tsarin sarrafa kwamfuta da ba Windows ba, a kan filashi, a tayar da kwamfutar daga shi ba tare da an girka ba, a bar ping yana tafiya na wasu awoyi. Idan ya yanke a can ma, Windows ba shi da laifi, goge shi asarar yini ce da takardun mutane. Idan bai yanke ba, sai a koma kan direba da manhajoji, kuma ko a nan fomat shi ne mataki na ƙarshe.

Yaushe zan haƙura cewa katin ne ya lalace?

Idan kebul mai kyau da wani rami ba su canza komai ba, wata kwamfuta ta zauna lafiya a kan wannan kebul ɗin, Ubuntu ma ya yanke, ko katin yana ɓacewa daga Device Manager yana dawowa. Kafin ka yanke hukunci, haska ramin da tocila: siraran ƙarafuna takwas ne a jere, ka ga ko ɗaya ya lanƙwashe ko ƙurar hunturu ta toshe su. Zare wayar wuta, ka buɗe akwatin, ka hure ƙurar. Idan katin na sokawa ne, cire shi ka sake zaunar da shi.

Idan abin ya fara ne washegarin ruwan sama mai tsawa, da wuya ya warke. Ƙarfin tsawa yana bin kebul, musamman wanda aka ja ta sararin sama daga gini zuwa gini, ya raunata katin ba tare da ya kashe shi ba, sai ka ga yana kamawa a gudun 10 kawai ko yana yankewa. Irin wannan zango da faiba ya kamata a haɗa shi, in ba hali a riƙa zare kebul idan hadari ya taso.

Ba sai ka canza madabod ba, wato babban allon da ke cikin kwamfuta. Adaftan USB zuwa Ethernet zai tabbatar maka a take, kuma zai iya riƙe ka. Gyara mai ɗorewa shi ne katin PCIe mai gigabit, irin wanda ake sokawa a madabod, sannan ka shiga BIOS, saitin da ake shiga kafin Windows ya tashi, ka kashe na cikin madabod. Idan kwamfutarka siririya ce, irin ƙananan Dell OptiPlex da HP da suka cika ofisoshinmu, ka ce wa mai shago ya ba ka mai gajeren ƙarfen baya, domin dogon ba zai shiga akwatin ba.